Ku Bar Matafiya Su Tafi

Da zarar watan Maulidi ya ƙarato, 'yan canjin Wapa sun san za a zo neman sefa, domin masu ziyarar Kaulaha sun fara ɗaure kaya. Idan Disamba ta kama kuma, manyan motocin New Road a Sabon Gari kan kwashi Kiristoci zuwa taron Shiloh a Ota, ko sansanin Redeemed da ke hanyar Legas zuwa Ibadan. A daidai lokacin ne masu lissafin aljihun wasu ke wasa baki a majalisa da Facebook: wai ɓarnar kuɗi ce, wai Allah yana jin addu'a daga ko'ina, me za a je nema a Senegal?

Mu da muke zaune tsakanin Fagge da Sabon Gari mun ƙoshi da wannan zance. Ɗan Kantin Kwari zai tafi Dubai ko Sin saro kaya, a ce Allah ya dawo da shi lafiya. A kashe dukiya wurin dinar biki ta dare ɗaya, a ce an fita kunya. Amma tela ya yi shekara yana adashi don ya zauna gaban malamai, ya ji karatu, ya raya dare da zikiri, nan ne kowa ke zama masanin tattalin arziki.

Masu wannan suka ba su san tarihin garinsu ba. A aikin hajjin 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass. Bayan haka malamai irin su Tijjani Usman Zangon Barebari da Abubakar Atiku Sanka suka riƙa zuwa Kaulaha, suka dawo da karatu da tarbiyya, suka cika zawiyoyi da almajirai, suka rubuta littattafai. A 1953 Shehu Nasiru Kabara ya je Bagadaza, cibiyar Ƙadiriyya, kuma yau Kano ce ke karɓar baƙi daga ƙasashe a ranar Maukibi. Da waɗannan sun tsaya ƙirga kuɗin guzuri, wa zai zo mana?

Kuma ba mu kaɗai ke wannan tafiya ba. Mabiya addinin Buddha daga Japan da Tailan da Siri Lanka kan taru a Bodh Gaya ta Indiya, su saurari malamansu, su zauna shiru suna horar da zuciya. Aƙida daban, amma sun gane abu guda: mutumin da hayaniyar kasuwa ta cika wa kunne, wani karatun ba ya shigarsa sai ya yi nisa da rumfarsa.

Gaskiya ne, wanda ya bar iyali ba hatsi ya tafi ya yi laifi. Wanda bai dawo da komai ba sai hotuna da girman kai, shi ma ya yi asarar kuɗin mota. To, a auna kowa da tsarabarsa. Ya rage ha'inci a awo? Ya biya bashin da ake binsa? In rigima ta taso a kan titin da ya raba unguwanninmu, yana cikin masu kashe wuta ko masu hura ta? Unguwannin da suka ga tarzomar 1953 da ta 1991 sun fi kowa bukatar mutanen da suka koyi haɗiye fushi.

Na zaune bai ga gari ba. In ba za ku ba da guzuri ba, ku ba da hanya.