Wasiƙa zuwa ga telolin Tasawa da Mayahi masu ɗinka kayan wasan tarihi

 

Dalilin wannan takarda shi ne kayan da kuke ɗinka wa masu wasan kwaikwayon tarihi. Idan bikin 3 ga Agusta ko na 18 ga Disamba ya matso, ko ƴan lakwal za su yi wasan ƙarshen shekara, mushe ko shugaban ƴan wasa yakan shigo shagonku, kuɗi kaɗan a hannu, kwanaki kaɗan a gaba, ya ce a yi masa kayan sarki da na Iya, mai sarautar mata, da na dogarai. Ku kuma sai ku ɗauki abin da kasuwa ta kawo. Ranar wasa sai ga Iya ta zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ta fito cikin leshi mai zif a baya, sarki kuma cikin shaddar Getzner mai aikin inji tana ɗaukar ido. Ɗinkin ya yi kyau, ba na musu. Amma yaron da ke zaune a ƙasa yana kallo idonsa yake gaskatawa kafin kunnensa, kuma abin da ya gani a jikin ɗan wasa shi zai riƙe a matsayin tufar kakanninsa har ya tsufa. Don haka a ranar nan ku ma malaman tarihi ne, kuma wannan nauyi ne ya sa na rubuto.

Mun yi sa'a, ƙasarmu tana da shaida a rubuce. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Ya bayyana maza cikin riga mai faɗi, yawanci mai duhu, da wando da ƴar hular auduga. Mata kuwa ya ce babban zane ne mai duhu suke ɗaurawa a ƙirji, adonsu duwatsun wuya. Ya kuma ga marina a garin mai rijiya 14, inda tufa kan kwana ɗaya zuwa bakwai a cikin baba gwargwadon duhun da ake so. A cikin wannan shekara ta 1851 ne Singer ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a Amurka, wato duk rigar da Barth ya gani allura da hannu ne suka yi ta. Rinin kwalba na farko sai a 1856 aka ƙirƙiro shi a Ingila, shunin masana'anta kuma sai a 1897 ya shiga kasuwa daga Jamus. Zif bai zama ruwan dare a tufafi ba sai wajen shekarun 1930. Duk wanda ya riƙe waɗannan shekaru a ka, rabin kuskuren ya kau.

Tambayar farko da za ku yi wa mai kawo aiki ita ce: wace shekara ake kwaikwaya, kuma wane ne mai sa kayan? Labarin Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, daban yake da na Sarki Mijinyawa da ya baro Maraɗi ya zauna Tasawa a ƙarshen ƙarnin. Shi ma daban yake da na ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya ƙare a Ɗankori da Maijirgi a watan Yuli na 1899. Idan mai aikin bai san amsa ba, ku tura shi ya tambayo kafin ku ɗauki almakashi.

Bari in tsaya kan kayan mata, domin nan ne aka fi ɓata. A Turai da Amurka akwai masu kwaikwayon liyafar rawa ta shekarun 1860, kuma telolinsu kan shiga gidan tarihi su auna tsohuwar rigar rawa, su duba yadda aka naɗe bakinta, su nemi yadi irin na lokacin kafin su yanka. Tamu babbar shigar ta mata ba yanka ne sirrinta ba. Darajar Iya a Maraɗi ko Inna a Tsibirin Gobir tana cikin zanen kansa: irin saƙarsa, zurfin rininsa, ƙyallin bugunsa, da yawan zannuwan da ta ɗora. Zanen ɗaurawa, wani a bisa, mayafi, da abin ɗaure kai. Riga mai matse jiki da hannu mai kumbura da siket mai tsaga duk baƙi ne a wannan zamani, haka nan atamfar ranar mata ta 13 ga Mayu da wasu ke ɗaura wa ƴan wasa don ita ce a hannu.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya. Yarinyar da za ta fito a matsayin gimbiya ɗiyar mutane ce, iyayenta suna cikin masu kallo, ba wanda zai yarda ta tsaya gaban jama'a da ɗaurin ƙirji kafaɗa a waje. Ni ma ba zan nemi haka ba. Mafitar tana cikin kayan da kansu. Ku yi mata ƴar riga ta ciki da auduga mai duhu marar ƙyalli, wuyanta a rufe, ku ɗaura zanen a bisanta, sannan ku yi mayafi mai yalwa daga irin yadin zanen ya lulluɓe kai da kafaɗu. Matan gidan sarauta dama masu lulluɓi ne idan za su fita. Ta samu sutura, ido kuma ba zai ci karo da hijabin roba mai santsi a fadar 1860 ba. Ku ɗinka igiya a ɓoye cikin bakin zanen, don ƴan matan yanzu ba su saba da ɗaurin da zai jure rawa ba, kuma ba abin da ke kashe wasa kamar gimbiya tana ta gyaran zane.

Sai maganar yadi. Masaƙan da, maza, tsiri suke saƙawa, mai faɗin ƴan yatsu, a jera ƙwarya bisa ƙwarya a haɗa da allura har ta zama zane ko riga. Turkuɗin Kura ya fi kowanne sirantaka, ga shuni da aka buga masa har yana walƙiya yana kama fata. Saƙi mai zanen zabo, tsamiya da ake samu daga gidan tsutsa, barage mai ratsin alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus, waɗannan su ne kayan manya. Layukan haɗin nan da ke sauka daga kafaɗa zuwa ƙasa su ne ke gaya wa ido cewa tufar ta da ce, ko daga ƙarshen fili ake hangen ta. Yadin kanti mai faɗi ɗaya shimfiɗe ba ya ba da wannan.

Saƙi na gaske yana da tsada, kuɗin ƴan wasa kuma kun san yadda yake. Ga abin da zai yiwu. Ku sayi akoko ko wata farar auduga zalla, ku wanke ta sitaci ya fita, ku yayyanka ta tsiri-tsiri kamar faɗin yatsu huɗu, ku sake haɗawa. Ku kai wa marini ya tsoma a baba, ba rinin kwalba ba, sannan a kai mabuga. Ku gwada zaren kafin ku saya: a kusanta ashana ga ɗan ƙyalle, auduga takan ci ta bar toka, mai roba kuwa ya narke ya dunƙule. Mai roba ba ya shan baba, kuma a ƙarƙashin fitila ƙyallinsa yakan tona asiri. Keke ya yi haɗin ciki inda ba a gani, ba laifi. Amma wuya da bakin hannu da aljihu, a bar wa allura.

Kada kuma a zarce a ce duk abin da ya ƙetaro teku haram ne a wasan tarihi. Barth ya tarar da yadin Ingila a kasuwar Kano a wannan tafiya tasa, kuma mulufi da alkyabba da jar dara sun daɗe suna ratso Sahara. Sarki zai iya yafa alkyabba bisa rigarsa. Abin lura shi ne irin waɗannan kaya na ƴan ƙalilan ne.

Wannan ya kawo ni ga wani abin da ke damuna: kowa a wasanninmu attajiri ne. Manomi babbar riga, maharbi babbar riga, ɗan aike ma haka. Riga mai aska takwas, da tambarinta a ƙirji da baya da shafinta a ciki, aikin watanni ne wanda wani ke zayyanawa da tawada wani ya bi da allura, kuma sarki ne ko babban bafade ke sa ta. Talaka yana da taguwarsa ko ƴar shara, da bante ko warki idan yana gona. Ku yi riga ɗaya mai aikin hannu ta sarki, ku zuba ƙoƙarinku a kanta, sauran jama'a ku bar su cikin fari da baƙi marasa ado. Kuɗin zai isa, sarkin kuma zai fito sarki. Sojojin Voulet kuwa a daina sa musu kakin soja mai dabbare-dabbare, wanda bai zo duniya ba sai bayansu. Jar hula ce alamar tirayar Faransa.

Inda za ku ga na gaske ba nisa. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da ɗakin tufafin gargajiya. Mai zuwa sari Kano ya ɓata rabin yini ya shiga Gidan Makama, ya wuce marinar Ƙofar Mata ya ga yadda baba ke kama zare. Mafi kusa kuma shi ne adudun tsofaffinmu a ƙauyukan Mayahi da Kanambakashe da Korgom da Urafan, inda zanen auren kaka ke naɗe shekara da shekaru. Ku je da gaisuwa da goro, ku roƙi a buɗe muku. Ku ƙirga ƙwaryar, ku auna tsawo da faɗi, ku juya bayan ku ga ɗinkin, ku ɗauki hoto da waya, ku tambayi mai shi sunansa da yadda ake ɗaura shi. Kada ku are shi don wasa, kada kuma ku yarda a yanka shi a yi wa wani riga, domin masaƙin da zai maye gurbinsa ya yi wuyar samu. Ku je da yaran shagonku, kowa da littafin awonsa.

Idan an gama wasa ku gaya wa masu kayan kada su jiƙa abin da aka buga. A shanya shi a inuwa gumi ya bushe, a naɗe a ajiye inda gara da ɓera ba su kai, a rubuta a takarda shekarar da kayan ke wakilta a sa a ciki, don ƴan wasan baɗi su san na wane labari ne.

Allah ya sa albarka a allura da zare. Wassalam.

Naku, mai kallon wasa kuma mai kawo muku ɗinki.