Daga 2008 zuwa korona: Darasin da kasuwar hannun jari ta bar wa ma'aikatan Kudenda

Ma'aikacin masana'anta a Kudenda zai iya ɗauka cewa kasuwar hannun jari harka ce ta attajiran Legas. Amma wani ɓangare na kuɗin fanshon da ake cirewa daga albashinsa, a tsarin da aka kafa a 2004, can ake juya shi. Kamfanin Nigerian Breweries da ke da masana'anta a unguwar ma yana cikin waɗanda ake cinikin hannun jarinsu. Kaduna kuwa ta samu reshen kasuwar tun 1978.

Saboda haka ya kamata ya san abin da ke karya masu zuba jari. Tarihi ya nuna bashi da gaggawa sun fi faɗuwar kasuwa cin mutane.

Bayan da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, sai suka bazama sayar da hannun jari. Wasu har rance suka riƙa ba mutane domin su saya. Farashi ya yi ta hawa ba tare da ribar gaske ta bi shi ba, wato kumfa ke nan. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, amma zuwa ƙarshen 2009 ya dawo ƙasa da 21,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya kori shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420. Wanda ya saya da bashi ya wayi gari ba jari, ga banki a ƙofar gida.

Lokacin korona kuma tsoro ne ya yi ɓarna. Jihar Kaduna ta shiga kulle a ƙarshen Maris na 2020, farashin man fetur ya karye a duniya, ma'aunin ya sake gangarowa kusan 21,000. Waɗanda suka firgita sun sayar da asara. Kafin shekarar ta ƙare, kasuwar ta tashi da kashi 50 cikin 100, tana cikin waɗanda suka fi samun riba a duniya.

Sai dai wannan tashin ba daga injinan Kudenda ko Kakuri ya fito ba, domin a shekarar tattalin arzikin ƙasa karayewa ya yi. Ribar takardun bashin gwamnati na gajeren zango ce ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 15, sai manyan masu kuɗi suka kwararo kasuwar don ba su da wata mafaka.

Talaka kuwa, da kulle ya ƙarar masa da ajiya, masu alƙawarin ninka kuɗi ne suka tare shi. MMM ta riƙe kuɗin jama'a a Disambar 2016, MBA Forex ta ruguje a zamanin annobar, CBEX ta bi sahu a Afrilun 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wasu za su ce mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba shi da abin zubawa. Gaskiya ne, shi ya sa ajiyar ko-ta-kwana ke gaba da jari. Wanda ya samu rara, ya tabbatar dillalinsa na da rajista da hukumar SEC, kada ya ci bashi, kada ya taɓa kuɗin haya ko na makarantar yara. Mai gudun riba kuma akwai Sukuk ɗin gwamnatin tarayya tun 2017.

Mazaunin Kudenda yana da ma'auni a gabansa: ya san kamfanin da manyan motoci ke lodi a ƙofarsa, ya san masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye. Duk wanda ya zo masa da alƙawarin riba, ya tambaye shi me ake sarrafawa, kuma wa ke saye. In ba amsa, ya riƙe kuɗinsa.