Ilmin Nutso Farilla Ne a Kanmu

Alhazanmu na dā, waɗanda suka taka sayyada daga ƙasar Zamfara har Sawakin, sannan suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda, sun ratsa ta bisa wani dausayi na ƙarƙashin teku ba tare da idonsu ya kai gare shi ba, wato dausayin murjani, halittar da Allah Maɗaukaki Ya ambata a Suratur Rahman cikin jerin ni'imominSa. Shi murjani gini ne na waɗansu mitsi-mitsin dabbobi, kuma irin wanda ke tasowa ya zama tudu ba ya bunƙasa sai a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi, inda hasken rana ke isa. Ga shi bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in halittun teku da shi suka dogara.

Tun daga 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke shayar da mai nutso iska daga tulun ƙarfe da ya goya, ɗan Adam ya sami ikon daɗewa a ƙarƙashin ruwa, yana kallon kifi mai baki irin na aku yana gurgurar murjani, yana tadabburi cikin hikimar Mahalicci. To, amma abin yana da ƙa'idodi waɗanda wasa da su halaka ne: a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu, saboda haka wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar da ke ƙirjinsa za ta kumbura ta yi wa huhunsa lahani, ana tasowa sannu a hankali, kuma ba a nutso sai da abokin tafiya.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan Bazamfare da teku, alhali rashin tsaro da tsadar abinci sun sha masa kai? Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta manta cewa Kogin Sakkwato ya bi ta Gusau ya wuce ta Bunguɗu, da madatsar ruwa a bakin Gusau, ga tafkuna da kududdufan ƙasar Tsafe waɗanda ke cika maƙil da damina, kuma ruwa, ko da ba na teku ba ne, ba ya tausayin wanda bai iya shi ba. A watan Satumba na 2024 kwalekwale ya kife a Gummi, manoma masu yawa suka rasu a hanyarsu ta zuwa gona. A irin wannan rana masunta da Sarkawa ake kira, su faɗa ruwa jajawur da numfashi ɗaya tak, suna lalube da hannu cikin laka, su taso suna haki, su sake komawa.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ceton wanda ruwa zai ci, da fito da gawar Musulmi domin a yi mata sutura, fardu kifaya ne, wanda idan kowa ya bari, laifin ya hau kan al'umma duka. Saboda haka muna roƙon gwamnatin jiha da sarakunanmu su zaɓi samari daga gidajen masunta da ma'aikatan kashe gobara, waɗanda dama sun san halin koginmu, a tura su koyon nutso, su fara daga ruwa mai haske kafin su saba da namu mai duhu, a tanadar musu tulunan iska da injin cika su, a zaunar da ƙungiya guda a Gusau wadda za ta riƙa kai ɗauki Bunguɗu da Tsafe. A yi wannan tun da rani, kafin kogi ya kawo.