Naɗar Sautin Gari: Fa'idodi da Illolinsa a Dogon Daji

Wanda ya kwana a Dogon Daji da kunne yake fara sanin garin. Tun kafin assalatu tirelolin da ke bin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega suke ruri, sai ladanai su ɗauka daga wannan masallaci zuwa wancan, zakaru su amsa, guga ya fara bugun bakin rijiya. Hantsi na dubawa 'yan kabu-kabu sun cika bakin titi, injin niƙa ya tashi, ɗan kamasho yana ta kiran Tambuwal da Jega, yana rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Haka ake yi kullum, kuma saboda sabo ba mai tsayawa ya saurara.

Akwai waɗanda suka mayar da sauraren nan aiki. Sukan ɗauki 'yar rikoda da makirufo su shiga titi da kasuwa da tasha, su naɗi abin da ke tashi yadda yake, ba su ce wa kowa ya yi waƙa ko jawabi ba. Tony Schwartz ya yi haka a unguwarsu a birnin Niyok na Amurka, ya fitar da faifai a 1954. A Kanada, Murray Schafer da abokan aikinsa na Jami'ar Simon Fraser sun naɗi sautukan birnin Bankuba suka fitar a 1973, domin sun lura ƙarar injuna tana haɗiye tsofaffin muryoyin gari. A nan Nijeriya, Emeka Ogboh ya yi suna da naɗar hayaniyar Legas, musamman kiran kwandastocin danfo, har ya kai ta ɗakunan baje kolin fasaha a Turai. A da aikin nan sai mai hali, don rikodar zare irin Nagra tsada gare ta ga nauyi a kafaɗa. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya sauƙaƙa abin, yau kuwa wayar da ke aljihun yaro mai sayar da rake ma tana iyawa. Shi ya sa maganar ta iso ƙofar gidanmu, ya kamata mu auna ta.

Babbar fa'idar a wurina ita ce ceton abin da ke ɓacewa ba wanda ya lura. Dubi lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta ƙwanƙwasa gefen turmi, kuma kiɗan bai karye ba. Mai wucewa ta bayan katanga, in ya tashi a karkara, da kunne zai gaya maka sussuka ake yi ko surfe ko kirɓin dawo, don kowanne da nauyin bugunsa. Waƙar niƙa ta fi shiga hatsari. Mace ce durƙushe gaban dutse, tana tura ɗan dutse tana rera begen gidan iyayenta ko habaici ga kishiya, numfashinta na tafiya tare da hannunta. Da inji ya zo dutse ya koma bayan ɗaki, waƙar ta bi shi. Ba ina cewa a mayar da mata kan dutse ba. Injin ya hutar da ƙugu da gwiwa, kuma duk wanda ya ga kantar hannun kakarsa ba zai yi fatan haka ba. Amma waƙar ba ta yi laifin komai ba da za a bar ta ta tafi. Haka hucin zuga-zugi da amon masaba a maƙera, wanda ƙarar walda ke maye gurbinsa, da gangar noma ranar gayya, da kalangun mahauta, da muryar sankira yana zaga gari da shelar hakimi, da amon almajirai a tsangaya bayan isha kowa na jan nasa allon.

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, amma kunnen sai ya sami abin da aka ajiye masa. Mun gaji littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, mun san Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, amma ba mai iya gaya mana yadda kasuwar garin take a kunne a zamaninsa. Ko da na'ura ta zo a ƙarnin da ya wuce, fada ta fara nufa. Albarkacin faifai da kaset da gidajen rediyo irin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, yau muna jin Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace kamar suna raye. Ba'amurke David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen Zariya a 1963 da 1964, aka fitar da su a jerin faya-fayan UNESCO, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Wannan duka alheri ne. Sai dai makaɗan sarakuna da manyan birane ne suka fi cin moriyar, yarinya mai tallan ƙosai a ƙauye da wuya a ce an juya makirufo wajenta. Wayar hannu za ta iya gyara wannan rashin daidaito cikin araha.

Ga kuma harshe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, kuma a makaranta Hausar littafi ake koyarwa, wadda ta fi kusa da Kananci. Sakkwatancin da ake yi a Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji, da munka da sunka da yat tahi, da yadda dattijo ke jan gaisuwa har sai ya tambayi gida da gajiya da sanyi da dabbobi, ba ya zama a takarda yadda yake a baki. Yaran yanzu suna tashi da finafinan Kano da TikTok a kunne, bakinsu na sauyawa a hankali. Naɗin ciniki na rabin sa'a a kasuwar ƙauye zai ba ɗalibin harshe abin da tambayoyin takarda ba za su ba shi ba, domin mutum in ya san ana gwada Hausarsa sai ya gyara ta.

Sauran amfanin ƙanana ne amma na gaske ne. Ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal yana samun sanyin rai in an tura masa kiran sallar masallacin unguwarsu. Masu wasan kwaikwayon rediyo da masu fim suna samun sautin kasuwa na ainihi. Unguwar da janareta ko lasifikar mai maganin gargajiya ta hana barci tana da abin da za ta kunna wa mai unguwa ya ji da kunnensa.

To, amma makirufo ba ya zaɓe, kuma daga nan illa take farawa. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya tare ido: ga zaure, ga shigifa, ga katanga, baƙo namiji ya san iyakarsa. Sauti kuwa tsallake katanga yake yi. Saurayin da ya tsaya a lungu don ya naɗi lugude zai koma gida da fiye da lugude. A ciki akwai uwar gida tana ƙorafin cefane bai isa ba, akwai sunan wanda ake bi bashi, akwai tarin marar lafiyar da iyalinsa ba su so a sani ba. Maƙwabci ma yana jin waɗannan, amma kunya da zumunci suna sa ya yi kamar bai ji ba, kuma kwana biyu ya manta. Katin waya ba ya mantuwa, ba ya jin kunyar kowa. Magana zarar bunu ce tun a da, balle yanzu da taɓa waya sau ɗaya zai kai ta rukunin WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Aure na iya mutuwa a kan abin da bai kai minti ɗaya ba. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 12 a Suratul Hujurati ta yi magana a kai ƙarara. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma tsohuwar da aka yaɗa muryarta ba za ta je kotu ba, kuka za ta yi a ɗakinta.

Kasuwa ma da ake gani fili ce ta kowa tana da asirinta. A kara, dillali yakan ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, domin ba a son kowa ya san nawa aka sallama sa. A teburin mai shayi ana zagin gwamnati da 'yan siyasa cikin raha, kowa ya san hira ce. Yanke jimla ɗaya daga ciki a yaɗa ta lokacin zaɓe, sai ta zama abin da zai raba mutum da aikinsa ko ya haɗa shi da 'yan banga. Yanzu ma har akwai manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun naɗi, su sa shi faɗin abin da bai faɗa ba.

Illar da ta fi tayar mini da hankali ta tsaro ce. Ƙauyukan Kebbe da na iyakar Zamfara sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma kowa ya san ɓarayin daji da infoma suke aiki. Naɗin da aka ji wani yana cewa wane ya sayar da shanu jiya, ko motar 'yan kasuwa da asuba take tashi ta hanya kaza, bayani ne mai iya jawo asarar rai in ya faɗa mugun hannu. Shi kansa mai naɗin yana cikin hatsari. Baƙon fuska da ya tsaya a tasha da abin saurare a kunne yana miƙa na'ura wajen mutane, kafin ya gama bayanin cewa shi ɗalibi ne, taro ya kewaye shi. Mutanen da aka sha cuta ba za a zarge su da yawan zato ba.

Akwai kuma cin gumin wani. Hugo Zemp ya naɗi waƙar reno daga bakin wata mata mai suna Afunakwa a tsibiran Solomon don bincike, UNESCO ta fitar. A 1992 wasu mawaƙan Faransa da ake kira Deep Forest suka ɗora muryarta a kan kiɗan zamani, faifan ya yi kasuwa a duniya, ba a nemi izininta ba. Abin da ya sami waƙar renon can zai iya samun waƙar dakan nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, amma wanda bai san an ɗauki muryarsa ba ta yaya zai nemi haƙƙi?

Ko ta fuskar aikin kansa akwai ruɗi. Waya an ƙera ta ne don ta fito da muryar mai magana ta danne hayaniyar bayansa, alhali hayaniyar ce ake nema. WhatsApp yana matse sauti ya zubar da rabin daɗinsa. Iskar hunturu in ta bugi makirufo marar soso ba abin da za a ji sai gurnani. Naɗi mai inganci na sa'a ɗaya yana cin fiye da megabayit 600, katin kuwa zafi da ƙura da faɗuwa a ruwa duk suna kashe shi. Sautin da ba a rubuta wurinsa da ranarsa da lokacinsa ba, bayan shekara goma ko mai shi ba zai iya cewa Dogon Daji ce ko Jega ba.

Da na ɗora su a sikeli, fa'idar ta fi nauyi, amma da sharaɗin 'yan gari ne za su yi aikin, a fili, da sallama. Kusan duk illolin nan daga hirar mutane suke fitowa. Turmi da masaba da kiran ɗan kamasho ba su da asirin da za a tona. A fara da mai unguwa, a gaida sarkin kasuwa da sarkin maƙera, a gaya musu abin da ake so da inda za a kai shi. Cikin gida kuwa mata ne za su naɗi mata. Jika ce za ta durƙusa ta ce, “Inna, waƙar nan da kike yi in kina niƙa nake so in ajiye wa yaranmu,” in an gama ta kunna mata ta ji, abin da Inna ta ce a goge a goge shi nan take. Masu cewa neman izini yana ɓata sautin gaskiya ba su zauna a maƙera ba; ba a jimawa maƙeri ya manta da kai, don ƙarfensa na wuta ba zai jira ka ba.

Abin da aka tace kuma kada ya tsaya a waya ɗaya. Sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato wurare ne da suka dace a kai kwafi, wani kwafin ya zauna a garin a hannun makaranta ko fadar hakimi, da sunan unguwa da kwanan wata da yardar masu muryar a rubuce. Tirela da janareta suna nan, ba inda za su, ana iya naɗarsu ko yaushe. Tsofaffin da suka yi niƙa a dutse da bakinsu da hannunsu su ne ke ƙarewa, da su ya kamata a fara, kuma lokacin kaka ya fi, sa'ad da sabon gero ya shigo gida turame suka tashi.