Gadar Loko da Kuɗin da Aka Gina Ta da Su

  

Maganarmu ta yau a kan gada ce, watau wadda Gwamnatin Tarayya ta gina bisa kogin Binuwai, tsakanin Loko ta Jihar Nasarawa da Oweto ta ƙasar Agatu, cikin Jihar Binuwai. Wani ya ce, ina ruwan mutumin Kusada da gadar da ke can? To, da ruwansa ƙwarai. Shanun da ake lodi a kasuwar Caranci, da waken da ake aunawa a Kankiya, in za su ƙasar Ibo ba makawa sai sun ƙetare Binuwai ko Kwara. Manjan da ke zuwa mana daga can shi ma haka. Wanda yake da kaya a hanya cikin watan Oktoba na 2022, sa'ad da ambaliya ta shanye hanyar Lakwaja wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwana da kwanaki a tsaye, ya san abin da ƙarancin maƙetara yake jawowa.

Loko tsohuwar tashar fatake ce tun zamanin ayari, can 'yan fito suke ƙetarar da mutane da kaya cikin jirage. An ba da kwangilar gina gada a wurin cikin 2011, zamanin Shugaba Jonathan, ga kamfanin RCC. Tsawonta wajen kilomita 2 ne. Ba a buɗe ta ba sai ran 23 ga Mayu, 2023, saura kwana 6 Shugaba Buhari ya sauka. Shekara 12 ke nan. Abin da ya ja aikin haka ba zurfin kogi ba ne, ba kuwa rashin gwanaye ba. Kuɗi ne. An ɗebo su daga jaka uku daban-daban, kuma kowace jaka da halinta.

Jaka ta fari ita ce kasafin kuɗin shekara. Gwamnati takan rubuta wa aiki kaza naira kaza, majalisa ta amince. Amma abin da aka rubuta daban, abin da baitulmali ya saki daban. Hanyoyin da ke jira ɗaruruwa ne, sai a yayyafa wa kowace kaɗan don kada wani yanki ya yi ƙorafi. Ɗan kwangila in ya ga shiru sai ya janye ma'aikata. Kafin a sake tunawa da shi damina ta faɗi, kogi ya cika, an yi hasarar rani guda.

Jaka ta biyu ita ce SURE-P, asusun da aka kafa cikin 2012 da rarar kuɗin tallafin man fetur bayan an ƙara farashinsa. Gadar Loko ta sha daga cikinsa, aiki ya motsa. Da mulki ya sake hannu cikin 2015 aka rufe asusun, aiki ya koma jiran kasafi. Jinkiri kuwa ba kyauta yake ba. Cikin 2011 dalar Amurka ba ta wuce naira 160 ba, ranar buɗe gadar kuwa tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Ƙarfe da injuna da kayan gyaransu duk da dala ake auna su. Aikin da aka yi ciniki kan wajen naira biliyan 36 sai da ya haura biliyan 50.

Jaka ta uku ita ce sukuk, kuma ita ce ta fi shafar malamai. Cikin Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Tarayya ya sayar da takardun sukuk na naira biliyan 100, aka raba kuɗin daidai wa daida ga shiyyoyi 6 na ƙasa, domin ayyuka 25. Gadar Loko na ciki. Haka kuma kashin farko na faɗaɗa hanyar Kano zuwa Katsina, wanda ya tashi daga Dawanau, watau hanyar nan da ta biyo ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya. Ashe ke nan jaka ɗaya muka sha da mutanen Agatu.

Ga yadda abin yake. An gina shi bisa ijara, watau haya. Mai kuɗi ya sayi takarda, ko da ta naira 10,000 ce, ya zama yana da rabo cikin amfanin hanyar da za a gina. Gwamnati ta karɓi hanyar haya daga hannun masu takardu, tana biyansu kuɗin haya sau biyu a shekara. In wa'adi ya cika ta saye rabonsu, ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Majalisar masana shari'a da ke ba Babban Bankin Nijeriya shawara ta duba tsarin ta amince da shi. Duk da haka ba a rasa saɓani ba. Tun 2007 Shaihu Taƙi Usmani na Pakistan ya soki yawancin sukuk na wancan lokaci, musamman waɗanda aka gina kan tarayya da ƙiradi aka kuma lamunce wa mai kuɗi uwar kuɗinsa, domin riba ba ta halatta ga wanda bai ɗauki haɗarin hasara ba. Na ijara ya fi samun sauƙi wajen malamai, amma ya kamata masu karatun fiƙihu a zaurukanmu su nemi sharuɗɗansa su karanta, kada su tsaya ga sunan Larabci kawai. Ta ɗaya gefen kuma Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta yi ƙorafi cikin 2017, tana ganin dabara ce ta musuluntar da ƙasa, alhali kuwa Ingila kanta ta sayar da sukuk na fam miliyan 200 tun 2014.

Amfanin sukuk ga gada a fili yake. Tun da haya ce, dole a ambaci abin da aka hayar da sunansa. Saboda haka kuɗin a ɗaure suke ga ayyukan da aka lissafa, ba a juya su zuwa albashi ko wani sha'ani, ba a kuwa biyan ɗan kwangila sai an je an auna abin da ya gina. Ɗan kwangila da ya tabbata kuɗinsa na ajiye ba ya janye ma'aikata. An sake sayar da sukuk cikin 2018 da 2020 da 2021 da shekarun da suka biyo baya.

Amma fa kada a ruɗe mu, cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Hayar sukuk na 2017 kashi 16.47 cikin ɗari ce a shekara, wa'adinsa shekara 7, ya cika cikin 2024. Ɗan kasuwa ya buga lissafi da kansa: hayar shekara 7 ta kai wajen naira biliyan 115, ban da uwar kuɗi biliyan 100. Daga ina ake biya? Daga baitulmali, watau daga kuɗin mai da kwastan da harajin da ke cikin farashin kayan da kowa ke saye. Ko wanda bai taɓa ganin Binuwai ba ya sa hannu cikin biyan gadar Loko. Wanda ya biya kuwa yana da hakkin tambaya.

Akwai kuma aibin shiri. Gadar ta kusa ƙarewa tun kafin a gama hanyoyin da ke kai mota bakinta, ta Nasarawa zuwa Loko da ta Oweto zuwa Otukpo. Gada ba hanya kamar rijiya ce ba guga. A wancan lokaci an kashe kuɗi, haya tana tafiya, direba kuwa yana zagayawa ta Makurɗi kamar dā.

Abin da za mu ɗauka daga wannan labari shi ne, ranar aza harsashi ba ita ce ranar murna ba. In aka zo da ganga da tuta za a fara gada, sai jama'a su tambaya: kuɗin aikin duka suna ina, kuma an ɗaure su ga wannan aiki ko ana sa rai ne ga kasafin baɗi? In bashi ne, nawa za a biya a kansa, cikin shekara nawa? Hanyar da za ta kai ga gadar, da gyaranta bayan an buɗe, wa ya ɗauki nauyinsu? Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da wa'adinsa da kafa shaidu ta sauka. In an umurci mutum biyu da haka, ina ga hukuma mai cin bashi da sunan mutane miliyoyi?

Waɗannan tambayoyi ba na Abuja kaɗai ba ne. Cikin Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙaramar gada da kwalbatin da ruwa ke yankewa kowace damina, ya raba ƙauye da kasuwa, ya raba mai naƙuda da asibiti, lissafinsu ɗaya ne da na Loko, sai dai ƙanƙanta. Limamai da shugabannin kasuwa na Kankiya da Kusada su ne suka fi cancanta su tambayi ciyaman da kansila, cikin ladabi, a kuma nemi amsa a rubuce.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya kiyaye matafiya, ya sa albarka cikin fatauci. Haza wassalamu.