Hayar da muke biya wa tarkace

Da yawa daga cikin waɗanda suka kama ciki da falo a Ushafa tsadar hayar cikin birni ce ta koro su. Sun wuce Kubwa, sun wuce Dutsen Alhaji, sai a gindin duwatsun nan na yankin Bwari suka sami abin da aljihunsu zai iya ɗauka. Kullum mutum ya yi sammako ya shiga cunkoson motoci, ya dawo bayan isha'i a gajiye. To amma ɗakin da ake shan wannan wahala dominsa, kusan rabinsa ba mutane ke zaune a ciki ba. Mataccen janareta ya tare bayan ƙofa. Talabijin mai ƙeya da ta daina kawo hoto tun kafin a haifi auta tana saman sif. Ƙarƙashin gado buhunan tsofaffin tufafi ne da takalman da suka yi wa yara kaɗan. Idan shekara ta zagayo, mai gida ba ya rage ko kwabo don janaretan ba ya aiki.

Ka tambayi mai ɗakin, amsar ɗaya ce: ajiya maganin wata rana. Ba na raina wannan magana. Wanda ya taɓa neman abu ya rasa ba ya saurin zubarwa, kuma wanda ya jera jarkoki saboda ɗaukewar ruwan famfo hankali ya yi. Sai dai ɗabi'ar ajiyar nan daga gidajen iyayenmu muka taho da ita, inda akwai zaure da rumbu da faffaɗan tsakar gida, har da ɗakin shirgi a can ƙurya. Mun kwaso ɗabi'ar, mun baro filin a Katsina da Zariya.

Su ma kayan sun canza. Ushafa garin maginan tukwane ne na Gbagyi. Cibiyar ginin tukwanen da aka kafa a zamanin shirin Better Life na Maryam Babangida ita ce ta ja Shugaba Bill Clinton na Amurka zuwa garin a watan Agustan 2000. Randar da matan nan ke ginawa idan ta fashe, kaskonta ya zama mazubin ruwan kaji, ragowar ta koma ƙasar da aka ɗebo ta. Bokitin roba kuwa idan ya tsage ba ya aiki, ba ya ruɓewa, kuma ba a iya rabuwa da shi. Haka zai yi shekaru a bayan ɗaki yana tara ruwan sama, sauro na ƙyanƙyasa a ciki.

Sauro ma da sauƙi. Inda shirgi ya taru nan ɓera ke yin gida, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wadda ta fi ƙamari da rani. A gari mai duwatsu kuma, kunama ba ta neman wurin da ya fi tulin kwalaye. Amma ɓarnar da ta fi yawa ba ta kai mutum asibiti. Ita ce neman takardar haihuwar yaro da safe har a makara, ana zargin juna. Ita ce matsar da kaya kafin a shimfiɗa darduma, da jin nauyin shigo da baƙo. Mutum ya dawo gida don ya huta, duk inda ya kai ido aikin da bai yi ba ke kallonsa. Rigingimu da dama tsakanin miji da mata da ake ɗora wa shaiɗan, ƙuncin ɗaki ne ya hura su.

A nan nake rabuwa da masu bin Marie Kondo, 'yar Japan ɗin nan da littafinta na 2011 da shirinta na Netflix a 2019 suka sa duniya zubar da kaya. Magidanci ya ji labarinta a waya, ya shigo yana harare-harare, idonsa ya faɗa kan jeren uwargida: ina amfanin waɗannan kwanuka da kuloli da ba a taɓa zuba abinci a ciki ba? Malam, yi a hankali. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, iyayenta suka tara mata, wani tun tana goye. Ran da ta shiga matsi su take sayarwa, ran da za ta aurar da 'ya daga cikinsu take cirewa. Idan za ta rage, ita za ta ga dama. Kai fara da naka: wayoyi matattu da cajojinsu a durowa, tsohuwar tayar mota, batirin da ya mutu, manyan rigunan da ka daina sawa tun da tumbi ya fito.

Tufafi su suka fi ba ni takaici, don suna da lokaci. Rigar da ka bayar bana, almajiri ko maƙwabci zai yi sallar idi da ita. Ka bar ta shekara uku a buhu, gara da danshin damina su cinye, ba kai ba wani. Haka ma kayan mamaci da ake rufewa a akwati wai ana jin nauyin taɓawa, alhali hakkin magada ne a raba, mai son yi masa sadaka ya yi da rabonsa.

Ƙarafa da kayan wuta kuwa kuɗi ne, ko da kaɗan. Sai dai tun da hukumar babban birnin tarayya ta hana 'yan bola yawo cikin unguwanni a farkon 2025, saboda satar murafun magudanun ruwa da sauran kayan gwamnati, jiran su zo ƙofar gida bai da tabbas, kuma ba kowane mai tura baro ya kamata a shigar tsakar gida ba. Maƙwabta su haɗa nasu, a ɗauki motar kaya guda a kai kasuwar Panteka, a auna a biya su. Kuɗin janaretan ba zai kai abin da mai shi ke zato ba, ya shirya wa wannan tun daga gida.