A cire wayar nan kafin ta ɗauki rai

Da daminar bara na kai iyalina gida Sundimina, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, muka sauka a gidan kawuna. Da la'asar aka yi ruwa ya ɗauke. 'Yata mai shekara 6 ta karɓi kuɗi a hannun uwarta ta ruga sayen alewa a wata kwantena da ke kusa da ƙofar gidan. Ƙafarta ba takalmi, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf. Tana ɗora hannu a kan ƙofar ƙarfen nan sai muka ji ƙara, irin wadda ba na fatan wani uba ya ji. Allah ya taimake mu wutar wurgi ta yi da ita, ba ta riƙe ta ba. Ko da na iso na tarar da ita zaune cikin taɓo tana karkarwa, ta rungume hannunta na dama, kukan ma ya ƙi fita.

Mai shagon saurayi ne mai ladabi, ya fito jikinsa na rawa ya ce da ni, "Don Allah Baba ka yi haƙuri, haka take yi in an yi ruwa. Mu ma da tsumma muke buɗe ƙofar."

Haka take yi! Ashe an sani. Mai shago ya sani, abokansa masu zaman benci sun sani, har an samo dabarar tsumma, amma babu wanda ya tuna cewa yaran unguwa ba sa yawo da tsumma a hannu. Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai, kuma har yau in na tuna ta sai na ji zuciyata na tafasa.

Na bi wayar da ke kai wa kwantenar wuta da ido har tushenta. Daga soket ɗin ɗakin Kawu ta taso, ta fita ta taga, aka rataye ta a kan ƙusa a jikin zaure, ta bi ta reshen darbejiya, sannan ta shiga kwantenar ta wata huda da aka fasa da ƙusa da guduma, bakin ƙarfen yana ta cin robarta. Siririya ce, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila. A wuri biyu an yi mata jonin hannu, an murɗe, an naɗe ɗaya da salatif da rana ta riga ta busar, ɗayan kuma da ledar fiya wata. A kan wannan zaren aka ɗora firiza mai ƙanƙara, da fanka, da allon cajin waya mai baki fiye da 20.

Na ce, "Kawu, wannan wayar kisa za ta yi." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, shekara nawa tana nan ba ta kashe kowa ba? Ɗan maƙwabcina ne, maraya, ya zo ya roƙe ni. In hana shi neman abinci? Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa."

Ina girmama Kawu, shi ya riƙe ni ina ƙarami, amma a nan bai faɗi daidai ba, kuma dubban masu gidaje irinsa ba su faɗi daidai ba. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo maka ba ka gan shi ba. Abin da ka kafa da hannunka, kana kallonsa safe da yamma, an gaya maka yana jan mutane, sunansa ganganci. Mun iya fakewa da ƙaddara har mun mai da ita bargon rufe sakacinmu. Yaro ya mutu a jikin ƙarfe, a yi masa sutura kafin azahar, a zauna makoki kwana uku, wayar kuwa tana nan a rataye bisa kan masu zaman makokin.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin wayar, don da yawanmu ba mugunta ce ke sa mu ba, rashin sani ne. Wutar da ke shiga gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce. Waya kuwa kowace da iyakar kayan da za ta iya ɗauka: masu aikin wayarin na ƙwarai suna sa mai kaurin murabba'in milimita 1.5 wa fitilu, mai 2.5 wa soket. In ka ɗora wa siririya kayan da suka fi ƙarfinta sai ta yi zafi, in ta yi tsawo kuma wutar ta rage ƙarfi kafin ta isa, injin firiza ya riƙa nishi yana ƙara jan wuta. Robar ta yi laushi, rana ta gasa ta, ta tsage. Da zarar tagullar ciki ta taɓa jikin kwantena, shagon gaba ɗaya ya zama wayar wuta, tun daga ƙofa har kanta. Kwantena kuma galibi a kan bulo ko duwatsu ake ɗora ta, wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa. Tana nan tana jira. Duk wanda ya taɓa ƙarfen ƙafarsa na kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ne hanyar. Kuma ɗan abin da ke rikita bugun zuciyar mutum bai kai wutar da ƙwan fitila irin na da yake sha ba.

Maganin wannan ba sirri ba ne. Waya mai kauri mai igiya uku, guda ɗaya ba joni, a cikin bututu. Sandar tagulla a kafe a ƙasa a ɗaure ta da jikin kwantenar, abin da masu gyara ke kira atin. Bireka ta kanta, da ƙaramar na'urar nan da ke katse wuta nan take in ta ji miliamfiya 30 sun ɓalle ta wata hanya. A Amurka da Turai akwai masu motar kwana, ɗaki guda a kan tayoyi, da suke jona ta da wutar gida ko ta sansanin matafiya. Ita ma akwatin ƙarfe ce da ba ta taɓa ƙasa, haɗarinta ɗaya da na kwantenarmu. Shi ya sa suka ware mata soket nata na musamman, mai amfiya 30 ko 50 a Amurka, mai 16 a yawancin Turai, da wayar ƙasa da abin katsewa. Ran ɗan Bature bai fi ran 'yata ba.

Na san me za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Wutar ma ina take? Tun daga NEPA zuwa PHCN, zuwa watan Nuwamba na 2013 da aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO, mutumin karkara bai daina zaman jira ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareta ya zama sai mai hali. Saurayin da ya tara kuɗin kwantena da ƙyar, ka ce ya je ya nemi layinsa da mitarsa, sai ya ga kamar ka ce ya rufe shagon. Na yarda da duk wannan, kuma ina tare da shi a fushinsa. Amma talauci bai hana shi sayen firiza ba. Wanda ya iya sayen firiza zai iya sayen waya mai kauri da sandar tagulla, in ya ɗauki ran mutane da daraja kamar yadda ya ɗauki ƙanƙararsa.

Kuma abin bai tsaya a kwantena ba. Bi hanya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ka ɗaga kai. Mai walda ya ja daga gidan surukinsa. Mai aski ya ja daga masallaci. Ranar biki a kafa rumfa mai ƙafafun ƙarfe, a jawo waya daga ɗakin amarya a shimfiɗa ta a ƙasa, mata na zubar da ruwan wanke-wanke a kai, yara na tsalle. Mafi muni shi ne mai janaretan da ke cusa wutar injinsa ta soket ɗin bango ba tare da canjoba ba. Wutarsa tana komawa kan layi, ta bi falwaya, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana da tabbacin an kashe layin.

Babban haushina yana kan masu kiran kansu masu gyaran wuta. Yaro ya yi wata uku yana riƙe wa maigidansa tsani, ya sayi filaya da testa, shi ke nan ya zama injiniya. Shi ne zai ce da mai gida, "Alhaji bar shi kawai, wannan ma za ta ɗauka," don ya rage kuɗin kaya ya ƙara na aljihunsa. Shi ne zai cire fiyus in ya dame shi da ƙonewa ya maye gurbinsa da guntun waya. Shi ne zai sayo wayar jabu, alminiyom da aka shafa wa launin tagulla. Akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA da doka ta ɗora wa duba ingancin wayarin da ba masu aikin takardar shaida. A tambayi masu gyaran da ke yawo a ƙauyukanmu su nuna takardar.

Ba sai mun jira Abuja ko Dutse ba. Mai unguwa da ke sasanta rikicin iyakar gona zai iya zagaya unguwarsa ya ce wannan wayar a sauke ta. Limamin da ke jan kunne a kan tauye mudu zai iya ware huɗuba guda a kan wanda ya kafa wa yaran maƙwabta tarko. Asibitin tarayya na Birnin Kudu yana nan, amma wanda wuta ta tsayar wa zuciya a Sundimina, da wuya ya kai ƙofar asibitin da rai.

A daren nan, bayan 'yata ta yi barci, na shiga ɗakin Kawu na zare filogin da hannuna. Ransa ya ɓaci, ya ce na kunyata shi a gaban maƙwabta, washegari ko sallamata bai amsa da kyau ba. Na kira saurayin na ce ya nemo mai gyara na gaskiya daga Birnin Kudu, zan biya rabin kuɗin waya da sandar. Ya ce to. Da na koma da ƙaramar salla na tarar an mayar da tsohuwar wayar a kan ƙusarta, an dai canja ledar jonin da sabon salatif, tsumman kuma yana rataye a jikin ƙofar.